Gidan Tarihin Khartum Bayan Wawaso: Aikin Amini da Abin da Zai Iya Dawowa

A ƙarshen watan Maris na 2025, da sojojin gwamnatin Sudan suka sake karɓe tsakiyar Khartum daga hannun dakarun RSF da suke yaƙi da su tun 2023, ma'aikatan hukumar kayan tarihi suka samu shiga Gidan Tarihi na Ƙasa bayan kusan shekara biyu rabonsu da shi. Hotunan abin da suka tarar sun zagaya wayoyi har Gadarif da Kasala da Mai Wurno: akwatunan gilashi a farfashe, ƙofofin ɗakunan ajiya a ɓalle, ɗakin zinariya wayam. Tun daga lokacin ake jin jami'ai suna maganar ƙidayar abin da ya ɓata da bin sawun kaya, mai sauraro kuwa yana mamakin yadda za a ƙirga abin da babu shi. Wasu ma tambayarsu ta fi haka zafi: ina masu kula da gidan suke har aka yashe shi?

Ba za a fahimci amsar ba sai an san aikin mutumin da ake kira amini.

Wane ne amini?

A Larabcin ofisoshin Sudan, gidan tarihi shi ne mathaf, mai kula da kayan cikinsa kuma aminul mathaf. Bahaushe ba ya neman tafinta a nan, tunda kalmar 'yar'uwar amana ce. Amini ba mai gadi ba ne, ba kuma ɗan rakiyar baƙi ba. Ya bambanta da murammim, mai gyaran tukunyar da ta fashe ko zanen da ya fara ɓarewa. Ya kuma bambanta da mudir, daraktan da ke fama da kasafin kuɗi da ma'aikata da manyan gwamnati. A ƙaramin gidan tarihi na jiha, sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin ayyukan nan duka.

Babban aikin amini a takarda yake. Duk abin da ya shigo gidan, ko dutsen wuya ne da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai an ba shi lamba, an rubuta ta a jikinsa da cikin kundi. A auna tsawonsa da faɗinsa, a faɗi da me aka yi shi, a wane kufai aka tono shi, cikin wane kabari, a wace shekara, wa ya tono, sannan a ɗauki hotonsa. Daga ƙarshe a rubuta ɗakin da aka ajiye shi da kantar da yake kai. Abin da baƙo ke gani a bayan gilashi ɗan tsakure ne kawai, domin mafi yawan kayan kowane babban gidan tarihi a ɗakunan ajiya suke kwana. Na Khartum an ƙiyasta yana da kaya kusan 100,000, tun daga makaman dutse na mutanen farko zuwa kayan daular Kush, da na masarautun Kiristocin Nuba, da na zamanin Musulunci.

Hanyar kaiwa ga wannan matsayi doguwa ce, albashinta kuma bai taka kara ya karya ba. Yawanci mutum yakan karanta ilimin tono kayan tarihi a jami'a, kamar sashen da ke Jami'ar Khartum, ya kama aiki da Hukumar Kayan Tarihi da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, a tura shi mufattish, wato mai sa ido, tare da ayarin masu bincike na ƙasashen waje da ke tono a arewa lokacin sanyi. Can cikin ƙura yake koyon aikin, yana tabbatar da cewa duk abin da ya fito daga rami ya shiga rajista. Daga nan wasu ke komawa gidan tarihi su yi ta hawa sannu a hankali. Mata sun yi nisa a wannan fanni fiye da yadda mutane da dama ke zato. Ghalia Garelnabi ta shugabanci Gidan Tarihi na Ƙasa, Ikhlas Abdel Latif kuma, daraktar sashen gidajen tarihi, ita ce aka fi jin muryarta tun da maganar wawason ta taso.

Gidan da madatsar ruwa ta cika da kaya

Turawa ne suka fara riƙe aikin. Dokar kayan tarihi ta farko ta fito a 1905, kuma kujerar shugabancin hukumar ta bi ta hannun Turawan Ingila irin su Arkell da Peter Shinnie, sannan Bafaranshe Jean Vercoutter, kafin ta zo hannun ɗan ƙasa na farko, Thabit Hassan Thabit, a 1960. Ya hau kujerar a mawuyacin lokaci. A shekarar ce UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi yekuwar ceto kayan tarihin Nuba, saboda babbar madatsar Aswan da Masar ke ginawa za ta sa ruwa ya haɗiye Wadi Halfa da ƙauyukan kewayenta. Mutanen gabashin Sudan sun san ɓangaren wannan labari da ya shafi 'yan Adam: kimanin mutum 50,000 aka tayar aka kai su Khashm al-Girba, inda Sabuwar Halfa take a yau.

Duwatsu ma an yi musu hijira. Ɗakunan ibadar Buhen da Semna da Kumma an warware su dutse bayan dutse a ƙarƙashin kulawar wani masanin gini Bajamushe, Friedrich Hinkel. Kowane dutse aka sa masa lamba, aka ɗauko su ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa, aka sake ɗora su a lambun sabon gidan da ke Mugran, kusa da mahaɗar kogunan Nilu biyu. Ba don lambobin nan ba, da tarin duwatsu kawai za a sauke a Khartum.

A Faras kuma, wani tsohon garin Nuba kusa da Wadi Halfa, tsakanin 1961 da 1964, ayarin masana daga ƙasar Polan ƙarƙashin Kazimierz Michałowski ya tono wata babbar majami'a da yashi ya binne, bangonta cike da zane-zanen fenti da aka yi tun daga ƙarni na 8. An ɓaro zanen daga bango cikin dabara kafin ruwa ya iso. Bisa tsarin wancan zamani na raba abin da aka tono tsakanin mai ƙasa da mai tono, guda 67 suka tafi birnin Warso na Polan, sauran suka zo Khartum, suka zama abin da benen gidan ya fi shahara da shi. An buɗe gidan a 1971.

Abin da ya faru tun daga Afrilun 2023

Yaƙi ya ɓarke ranar Asabar, 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, kuma a tsakiyar gari ya fara, ba daga wata iyaka mai nisa ya taho ba. Gidan tarihin yana bakin kogi, a layi ɗaya da fadar shugaban ƙasa. A lokacin a rufe yake ana yi masa kwaskwarima, an riga an tattara kaya da yawa an shirya su cikin akwatuna. Shirin da aka yi don kare kayan daga ƙurar magina shi ya zame wa ɓarawo sauƙin ɗauka.

A farkon watan Yunin shekarar bidiyo ya fito yana nuna mayaƙan RSF, waɗanda a Sudan ake kira Da'amus Sari', a cikin ɗakin binciken gidan suna buɗe ma'ajiyar tsofaffin gawawwaki. A Satumban 2024 aka ba da rahoton cewa hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna manyan motoci suna fita daga harabar da kaya, kuma a watan ne UNESCO ta yi kira ga dillalai da masu tara kayan tarihi na duniya da su guji sayen duk abin da ya fito daga Sudan. Da aka shiga a 2025, an tarar abin da ya fi ƙarfin ɗauka yana nan, kamar ƙaton mutum-mutumin Taharqa, sarkin Kush da ya mulki Masar daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa, da ɗakunan ibadar da ke lambu. Ƙananan kaya masu tsada kuwa, musamman zinariyar sarakuna, sun yi ɓatan dabo.

Ba wannan gida kaɗai abin ya shafa ba. An wawashe Gidan Khalifa da ke Umdurman, mai ɗauke da kayan zamanin Mahadiyya. Gidan tarihin Nyala da fadar Sultan Ali Dinar a Fashir su ma yaƙin ya ci su. Zanen zamani, na magadan Ibrahim El-Salahi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq, tasa asarar ta fi wuyar aunawa, domin mafi yawansa a gidajen masu zanen yake da ƙananan wuraren baje koli na 'yan kasuwa, inda babu wani kundi na hukuma tun asali.

Wa ke da laifi?

Gwamnati da hukumar kayan tarihi sun ɗora alhakin a kan RSF, hujjarsu kuwa ita ce yankin yana hannun dakarun tsawon lokacin da aka kwashe kayan, kuma fitar da kaya da manyan motoci ba aikin ɓarawon unguwa ba ne. RSF ta musanta, tun a 2023 ta ce ta san darajar wurin kuma tsare shi take yi. A dokar yaƙi, wanda ke riƙe da wuri shi ke da nauyin hana sata a cikinsa, haka Yarjejeniyar Hague ta 1954 ta tanada. An kuma taɓa hukunta mutum a kan irin wannan: a 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara saboda rusa hubbarorin waliyyan Tambutu. Sai dai hukunci yana buƙatar shaida a kan mutum takamaimai, ba a kan ƙungiya a dunƙule ba.

Zargi na biyu a kan ma'aikatan yake. Masu yin sa sukan kawo misalin Maurice Chehab, daraktan kayan tarihin Labanan, wanda lokacin yaƙin basasar da ya fara a 1975 ya ɓoye ƙananan kaya a ƙarƙashin gidan tarihin Bairut ya toshe ƙofar da gini, manyan kuma ya lulluɓe su da kankare, suka tsira. Sukan kuma ambaci Tambutu a 2012, inda Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa suka fitar da littattafan hannu cikin adakokin ƙarfe, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Masu kare ma'aikatan Khartum suna cewa kwatancin bai zauna ba. Chehab ya samu lokutan lafawar wuta ya yi aikinsa, mutanen Tambutu sun yi watanni suna fitar da kaya a ɓoye daga gidajen jama'a, su kuwa na Khartum da safe suka farka suka ga hanyar ofis ta zama fagen daga, da yawansu suka tsere da iyalansu zuwa jihohi ko Alƙahira. Wannan uzuri yana da ƙarfi. Amma bai share tambaya guda ba, wadda ta fi shafar gwamnatocin da suka gabata fiye da aminin da ke ƙasa: ƙasar da ta sha juyin mulki da yaƙe-yaƙe, me ya sa ba a zuba kuɗi an kammala mayar da kundin gidan tarihinta cikin kwamfuta, an ajiye kwafi a wurare daban-daban ba?

Kayan da ke waje, da maganar gumaka

Wawason ya farfaɗo da tsohuwar gardama. A 1834 wani ɗan Italiya mai suna Giuseppe Ferlini ya rusa kan dalar kabarin Sarauniya Amanishakheto a Bajrawiyya, inda kufan Marawi ta dā yake, ya kwashe zinariyarta, wadda a yau take Munik da Balin a Jamus. Abin da Ba'amurke George Reisner ya tono a Karma da Jabal Barkal da Nuri a farkon ƙarni na 20, kaso mai yawa yana Boston a Amurka. Wasu na cewa ga shi nan, abin da ke waje ne ya tsira, don haka a daina gaggawar neman a dawo da shi. Wasu na mayar da martani cewa tsira a hannun wanda ya ɗauka ba ta halatta ɗaukar ba, kuma kasuwannin ƙasashen masu arziki su ne ke sa wa kayan sata farashi. Akwai bambancin da ake yawan tsallakewa a wannan muhawara: Ferlini fashi ya yi, zanen Faras da ke Warso kuwa da yardar gwamnatin Sudan mai 'yanci aka raba. Haɗa su a kwando ɗaya ba ya taimakon kowane ɓangare.

A majalisun Hausawa akwai wata maganar daban, cewa ai gumaka ne, kuma ana mutuwa da yunwa wa ke ta dutse. Masu wannan ra'ayi suna dogaro da hanin da addini ya yi game da sassaƙa surori. Waɗanda suka saɓa musu suna nuni da cewa ba wanda ke bauta wa kayan nan, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Ko wane ra'ayi mutum ya ɗauka, abin da aka sace bai tsaya ga mutum-mutumi ba. Mafi yawan kayan Gidan Khalifa tarihin Musulmi ne, tarihin da Hausawa da Fulani ke da hannu a cikinsa tun zamanin da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a.

Me zai iya dawowa?

A nan ne aikin takardar amini ke nuna amfaninsa. Idan wani ɗan kunne na zinariya ya ɓulla a kasuwar gwanjo a Turai ko a wata ƙasar Larabawa, cewa ya yi kama da namu ba ya ƙwato shi. 'Yan sanda da alƙali za su nemi lamba, da hoto, da awo, da shaidar cewa yana cikin gidan kafin yaƙi. Da waɗannan ne ake shigar da shi rumbun kayan sata na 'yan sandan duniya, Interpol, kuma da zarar ya shiga, babban dillali zai ji tsoron taɓa shi. Abin da ba shi da hoto, ko wanda katinsa ya ƙone, ɓarawo zai ƙirƙira masa tarihi, ya ce gadon kakansa ne da ya saya tun zamanin Turawa. Shi ya sa tun ana tsakiyar yaƙi aminai da ke gudun hijira suka duƙufa ga sake gina kundin, suna tattaro tsofaffin hotuna da rahotannin ayarin da suka yi tono a Sudan. Ɗaya daga cikinsu, Shadia Abdrabo, a birnin Faris na Faransa ta kama wannan aiki. Ƙidayar abin da ya ɓata da jami'ai ke magana a kai ke nan: a ɗauki kundi a bi kanta-kanta, duk lambar da ba a ga kayanta ba a sa mata alama.

Iraƙi ta nuna abin da za a iya tsammani. A Afrilun 2003 an kwashe kaya kusan 15,000 daga gidan tarihin Bagadaza. Da aka yi shelar afuwa ga duk wanda ya mayar ba tare da tuhuma ba, kaya da yawa sun dawo daga hannun mutanen gari cikin watannin farko. Waɗanda suka ƙetare iyaka sun ɗauki shekaru, dubbai kuma har yau shiru, gidan ma sai 2015 aka sake buɗe shi ga jama'a. A Sudan, hukumomi sun baje kaya 570 a Bur Sudan a Janairun 2026, waɗanda suka ce an ƙwato. Zinariya ce ta fi zama abin fargaba. Tukunya ko dutse ba su da daraja sai a siffarsu, don haka ɓarawo zai adana su. Zinariya kuwa ana iya narka ta a sayar da awo, a ƙasar da kasuwar zinariya ke ko'ina.

Inda abin ya taɓa talaka

Na farko shi ne haɗarin shiga hannu. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ɗauki abin da ya kai shekara 100 a matsayin kayan tarihi, ta kuma hana cinikinsa ko fitar da shi daga ƙasa ba da izinin hukuma ba. Direban da aka ba shi ƙunshi ya kai bakin iyaka, da ɗan kasuwar da aka kawo wa wani ɗan dutse mai rubutu a farashin banza, da mai haƙar zinariyar da na'urarsa ta kai shi kan tsohon kabari, kowannensu na iya tsintar kansa a gaban hukuma a kan abin da bai san darajarsa ba. Ga kuma 'yan damfara, domin duk lokacin da labarin wawaso ya bazu, jabun kaya sukan cika kasuwa.

Akwai kuma abinci da ya yanke. Kafin yaƙi, ayarin masu tono da ke zuwa duk shekara suna ɗaukar leburori da direbobi da masu dafa abinci daga ƙauyukan arewa, masu raƙuma a Bajrawiyya suna samu daga baƙi, tun ma ba bayan da UNESCO ta sa Jabal Barkal cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2003, da Marawi ta dā a 2011 ba. Ɗaliban da aka saba kai wa Mugran su ga abin da ke cikin littafinsu da idonsu, su ma sun rasa.

Ga Hausawan Sudan akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Tarihinsu a ƙasar nan, daga ayarin alhazai masu tafiyar ƙafa, zuwa waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, zuwa waɗanda suka yi noman auduga a Jazira, mafi yawansa ba a bayan gilashi yake ba. Yana cikin adakar tsofaffi: Alƙur'ani rubutun hannu a gafakarsa, wasiƙun ajami, takobi, tsohuwar takardar gona. Rikicin jihar Nilu Shuɗi na 2022 ya taso ne a kan maganar ƙasa da sarauta, wato a kan wa ya daɗe a ina, sannan yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tayar da iyalai daga Sinja da Dindir da ƙauyukan Jazira, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma waɗannan kaya ba su da amini ko lamba.

Ma'aunin da gidajen tarihi na duniya ke amfani da shi wajen bayyana kaya bai fi ƙarfin mai wayar hannu ba. Hoto ne ta fuskoki da yawa, da ma'auni a ajiye a gefe, da bayanin duk wani tabo ko rubutu ko gyara da ya bambanta abin da waninsa, da sunan wanda aka gada daga gare shi. Littafi kuma a ɗauki shafin farko da na ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa da ranar da ya gama. Sai a tura kwafin hotunan ga ɗan'uwa a wani gari, a Bur Sudan ko Jidda ko Kano, kada su kwana a waya ɗaya da za a iya ƙwacewa a shingen hanya.